Tsohon da Ya Rufe Hanyar Katako

Shekara talatin da huɗu Wyson Namakhwa ya yi yana ɗaukar kayan baƙi zuwa saman dutsen Mulanje, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa jin baƙo ya riga shi isa masauki ba. Da wannan yake taƙama, don ba shi da wani abin taƙamar. Gidansa a Namasoko ɗaki biyu ne da rumbun masara da 'yan bishiyoyin ayaba. 'Ya'yansa sun watse cikin gonakin shayi, ba mai ɗokin dawowa, saboda Wyson mutum ne mai wuyar zama. Bakinsa ba linzami, zuciyarsa kuma ba ta san uzuri ba.

A rumfar 'yan dako da ke gindin dutse akwai allo mai ƙusoshi a jere. Kowane ɗan dako yana da guntun itace da aka ƙona sunansa a jiki, a rataye a ƙusa. Na sama shi ke ɗaukar baƙon da ya fara zuwa, in ya sauko a mai da itacensa ƙasa, layi ya ci gaba. Wyson bai iya karatu ba, amma ya san nasa daga nesa, don ya fi kowanne baƙi da santsi. Dokar rumfar ɗaya ce. Ɗan dako yana gaba, baƙo yana baya. Duk ranar da baƙo ya karɓi jakarsa ya ɗauka da kansa don ka gaza, to ka gama aiki, babban rumfa zai cire itacenka a gaban kowa. Wyson ne babba tun da daɗewa. Mutum huɗu ya cire da hannunsa, cikinsu har da abokinsa na ƙuruciya, kuma ranar ko abincinsa bai rage ba.

Abin da mutane ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru, shi ne gwiwarsa ta hagu ta mutu tun kusan shekara goma. Hanyar katako ce ta rufa masa asiri. Tsohuwar hanya ce da aka sara a jikin dutse tun zamanin da ake sauko da itacen mkunguza a mota. Motar ɗaukar kaya takan kwashi baƙi da jakunkuna da 'yan dako, ta yi ta nishi har bakin tudu. Daga nan zuwa masauki tafiyar awa uku ce a fili, cikin ciyawa, ba hawa mai kashe mutum. Wannan kam Wyson zai iya, yana ɗaure gwiwar da tsumma a ƙarƙashin wando, yana zagin duk wanda ya tsaya shan iska.

Sai maganar rufe hanyar ta taso. Ɓarayin katako sun mai da ita tasu, suna cinye mkunguzan da ya rage. Ƙungiyar masu hawan dutse ta birni ta ce dutsen ya zama kasuwa, kowane mai tumbi sai ya hau da mota da rediyo da naman gashi ya ce ya hau Mulanje. Direbobi suka ce a bar ta. Matan ƙauyukan da ke gefen hanyar suka ce ta nan ake kai mai naƙuda asibiti, ta nan ake kai masara niƙa. Su kuwa samarin rumfa lissafinsu a fili yake: in babu mota, tafiyar yini ɗaya ta koma biyu, kuma ba mai hawa sai da ɗan dako.

Shugaban samarin shi ne Fredson Muhiwa, ɗan ƙanwar Wyson, wanda ya koyi aikin a hannunsa da mari da gori. Shi ya sami Wyson ana jibi taron da za a yanke shawara kan hanyar.

"Kawu, mu in mun tashi za a ce yunwa ce ke magana. Kai kuwa in ka buɗe baki dutsen ne ya yi magana."

"Sai yau kuka sani?" in ji Wyson.

Matar Wyson, Esnart, tana tuƙa tuwon nsima ta ji su. Da Fredson ya fita ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Gwiwarka ta san da wannan shawarar?"

"Ki kula da tukunyarki."

"Ina kula da ita. Shi ya sa nake tambaya."

Ranar taro, a ƙarƙashin mangwaron makaranta, Wyson ya yi abin da har yau ake ba da labari. Ya tuɓe takalmansa ya ɗora ƙafa a kan benci, a gaban manyan ma'aikatan gandun daji da mutanen birni, tafin nan ya tsattsage kamar ƙasar rani. Ya ce da wannan ake hawan dutse, duk wanda taya ta kai shi sama bai je ko'ina ba. Wani direba ya ɗaga hannu, Wyson ya ce masa ya fara neman inda ƙafafunsa suke a ƙarƙashin tumbin nan tukuna. Wata mata ta miƙe da goyo ta ce ita a bayan mota ta haihu a hanyar nan, da babu motar, da yau ba ta raye. Ya dube ta ya ce, "Uwarki a ina ta haife ki? Ga ki nan kuwa da baki." Aka yi dariya, matar ta zauna. Mutanen birni suka tafa har hannuwansu suka yi ja. Cikin wata biyu aka haƙa rami a bakin hanyar, aka kafa ƙofar ƙarfe.

Wauta ce, ba ta da wani suna. Tsohon ya san ƙafarsa, amma daɗin a saurare shi ya fi ƙarfinsa.

Layinsa na farko bayan rufewa ya faɗo kan wata ma'aikaciyar jinya daga Lilongwe, Mayi Gondwe, wato Malama Gondwe a yarensu, ita da abokan aikinta biyu. Fredson da wani suka ɗauki jakunkunan sauran. A wasu rumfunan samari kan zare abu mai nauyi daga jakar dattijo a ɓoye su cusa a tasu. A Namasoko Wyson ya hana wannan tuntuni, ya ce sata ce. Don haka Fredson ya ɗaga jakar Mayi Gondwe, ya ji nauyinta, ya miƙa wa kawunsa da hannu biyu cikin ladabi.

Hanyar ƙafa ba ta da tausayi. Daga rafi sai hawa, dutse kan dutse, wani wurin sai da hannu. Awa biyu na farko ya riƙe gaba da ƙarfin hali. A ta uku samarin suka wuce shi, ba wanda ya waiwaya. Baƙi biyun suka bi su. Kafin rana ta karkata gwiwar ta kumbura har tsumman ya nutse cikin nama, kowane taku sai ya ji kamar ana soka masa ƙusa. Gajimare ya sauko da yayyafi, dutsen ya yi santsi. A nan Mayi Gondwe, wadda ta yi ta jan ƙafa don kada ta wuce shi, ta same shi a durƙushe, jakar ta danne masa wuya.

"Bambo," ta ce, wato baba, "bari in ga ƙafar nan."

"Ba komai, Mayi. Takalmi nake gyarawa."

"Shekara ashirin ina ganin masu gyaran takalmi irinka. Kawo jakar."

"Mayi, ki yi mini rai. Jakar nan tawa ce sai masauki."

"Tawa ce, ni na saye ta," ta ce tana murmushi. Ta kwance igiyar daga kafaɗarsa kamar yadda ake tuɓe wa maras lafiya riga, ta saɓa a bayanta, ta ba shi sandarta.

Awa biyu suka yi a haka, tana gaba da kaya, yana baya da sanda. Tana ta yi masa hira don ta ɗauke masa hankali, game da mahaifinta da shi ma ba ya yarda yana ciwo. Wyson bai ji ko kalma ba. Idonsa na kan kowane lungu, ko akwai mai itace ko mai farauta da zai gan su. Bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Da suka kai kwanar ƙarshe, inda ake hango hayaƙin masauki, ya riƙe hannun rigarta.

"Mayi, daga nan ki ba ni. Don girman iyayenki. Kuma ki bari in shiga gaba."

Ta ɗauka kunyar tsofaffi ce kawai. Ta ɗora masa, ta ja baya. Haka ya shiga farfajiyar masauki da jaka a wuya, baƙuwa a bayansa, kamar kullum. Fredson yana bakin murhu, ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce, "Sannu da zuwa, Kawu. Mun ɗauka ka tsaya gaishe da duwatsun ɗaya bayan ɗaya."

Da a nan abin ya tsaya, da ya sha. Kwana biyu suka yi a sama, ta ba shi magani, ta naɗe masa gwiwar da kyau, kumburin ya ɗan sauka. Amma a kowane masauki akwai littafin baƙi, kuma Wyson yana da al'adar da bai taɓa fasawa ba. Duk wanda ya ɗaukar wa kaya, safiyar saukowa sai ya kai masa littafin da kansa. Sunansa na cikin littattafan nan tun kafin a haifi rabin rumfar, yakan sa a nuna masa wurin ya shafa da yatsa. Safiyar nan ma ya ɗauko, ya goge bangon da hannun riga.

"Mayi, ki sa sunana. Namakhwa. Kowa na sawa."

Ta rubuta shafi guda, ta rungume shi, idonta ya ciko.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, rumfa ta cika. Fredson ya ciro waya, ya ce ya ɗauki hoton wani yabo da aka yi wa babbansu, bai kamata ya tsaya a sama shi kaɗai ba. Wyson ya gyara zama. Fredson ya karanta da Turanci, sannan ya fassara a hankali, jimla bayan jimla. Mayi Gondwe ta ce ba ta taɓa haɗuwa da mutum mai ƙarfin zuciya kamar Bambo Namakhwa ba. Ta ce ya hau da gwiwar da ko matashi ba zai taka da ita ba. Ta ce alfahari ne a gare ta da ya bar ta ta ɗaukar masa jaka na awa biyu, kuma tana roƙon abokan aikinsa su riƙa sassauta masa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi.

"Ƙarya ta rubuta, Kawu?"

Wyson ya dubi ƙasa. "Ba ta yi ƙarya ba."

"To mu yara ne, ba mu san tsari ba. Wa ke cirewa?"

"Babba."

"Wane ne babba?"

Allon taku shida ne daga benci. Ya yi su ba tare da ya ɗingisa ba, Allah kaɗai ya san yadda. Ya zare itacen, ya sa a aljihu, ya fita. Kafin ya kai bakin rumfar ya ji ana matsar da na ƙasa zuwa ƙusar da ta zama fanko.

Esnart ba ta ce ai na faɗa ba. Ta zuba masa abinci, ta koma gonar shayi neman aikin tsinka, ita da ta bar aikin shekara goma sha biyar. Matan ƙauyukan gefen hanya, da yanzu suke sauko da masara a ka, in sun gan shi a ƙofar gida sai su gaishe shi da ladabi mai yawa, su tambayi lafiyar ƙafa.

Bayan wata huɗu mutanen birni suka shirya bikin ƙaddamar da ƙofar ƙarfen. Suka ce lallai a kawo musu tsohon nan mai tafin ƙafa, shi za a ɗauka a hoto don allon da za a kafa a wurin. Fredson ya zo gida da kansa. Esnart ta ce in yana da sauran mutunci ya kore shi. Wyson ya wanke rigarsa ta aiki, ya je.

Suka tsayar da shi a gaban ƙofar, suka ce ya tuɓe takalmi. Aka kawo sabuwar jaka, babba, ja, aka saɓa masa. Yana jin ta a kafaɗa ya san abin da ke ciki. Busasshiyar ciyawa ce aka cusa don ta kumbura.

Ya matsa kusa da ɗan ƙanwarsa, ya rage murya. "Fredson, sa mini dutse a ciki. Ko biyu ne. Kowa zai ga igiyar ba ta ja."

"Kawu, ciyawar ma ka bi ta a hankali," in ji Fredson. "Yau babu ma'aikaciyar jinya."

Mai hoto ya ce tsohon ya ɗan sunkuya, kamar kayan sun yi masa nauyi. Wyson ya sunkuya.