Maganin da 'Yar'uwata Ta Raba Biyu

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a kai, ina jin ranar da na buɗe gwangwanin maɓallai a shagonmu ita ce za ta fita a ƙarshe. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji ƙarar murfin gwangwani sai gabana ya ɗan faɗi, daga baya kuma in kama murmushi ni kaɗai.

Mu tagwaye ne, ni da 'yar'uwata, irin waɗanda ko mahaifinmu sai ya ƙare mana kallo kafin ya kira suna. A Kano aka haife mu. Aure ya kawo ni Libreville, ita kuma da mijinta ya rasu ta biyo ni, muka buɗe shagon yadi da shadda a unguwar Cocotiers. Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, a kan doka ɗaya ta raine mu: ba a ba ɗaya a hana ɗaya. In dafaffen ƙwai guda ya samu, da zare take yanka shi biyu. Har bulala ma, in ɗaya ta yi laifi, sai ɗayar ta ɗanɗana. Ni da na girma na ɗan sassauta wannan al'ada, amma 'yar'uwata ta riƙe ta kamar farilla. In aka ba ta goro sai ta ajiye mini ɓari, ko da ina can tashar jiragen ruwa ta Port Môle wajen karɓar kaya.

Wata shekara kaluluwa ta fito mata a wuya ta ƙi tafiya. Muka sha jiƙe-jiƙe, muka shafa duk abin da maƙwabta suka ce a shafa, daga ƙarshe dai muka tafi asibiti, aka ce ciwon daji ne. An yi mata maganin farko ta hanyar ƙarin ruwa, ciwon ya lafa, sannan ya dawo. Likitarta, wata 'yar ƙasar mai sanyin magana, ta rubuta mata wasu ƙwayoyi da ba a samu a farmasi, sai an yo odarsu daga waje a zauna jira. 'Yata, wadda a lokacin take karatun ilimin halittu a jami'a, ita ce tafintarmu, don Faransancinmu na ciniki ne, bai kai na asibiti ba.

Da farko ƙwayoyin sun yi aiki. Kumburin ya fara sacewa, ta dawo tana cin abinci har tana yi mini gori wai na fi ta ramewa. Can sai abu ya tsaya cak. Likita ta duba sakamakon gwaji, ta girgiza kai, ta ce in gwaji na gaba bai nuna ci gaba ba za ta dakatar da maganin, kuma abin da ya rage bayansa ba mai sauƙi ba ne.

Ranar da nake ba ku labari ana ruwa tun hantsi, irin ruwan garin nan da ba ya shawara da kowa. Babu mai saye, sai na ce bari in ɗinke maɓallin rigata. Na jawo tsohon gwangwanin madara da muke zuba maɓallai, na buɗe, sai ga ƙwayoyin maganinta a ƙunshe cikin ƙyalle, tuli guda.

Na ɗaga ƙunshin na ce, "'Yar'uwa, wannan fa?"

Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Mayar mini da kayana inda kika gan su."

"Maganin da muke zuba ido wata da watanni kafin ya iso, shi kike ɓoyewa cikin maɓallai?"

Ta ce, "Ba ɓoyewa nake ba. Naki ne."

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ci gaba, a natse, kamar mai faɗin farashin yadi. "Da kunnena na ji likita ta ce halittarmu ɗaya, ni da ke. Ƙyanda tare muka yi. Haƙori tare muka zubar. Wannan ma yana nan tafe gare ki. Kin ga wahalar da ake sha kafin a same shi. Ranar da naki ya tashi, ina za a samo? Shi ya sa nake shan rabi ina ajiye miki rabi."

Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani. Na yi ta faɗa har mai shagon kusa da mu ya leƙo. Amma a ƙarƙashin faɗan tsoro ne fal cikina, don maganar da ta yi ni ma ta daɗe tana cina. Kullum in na yi wanka sai na shafa wuyana ina lalube.

Muna cikin haka 'yata ta shigo, jiƙe sharkaf. Ta ji abin da ya faru. Sai ta sauko da bandir ɗin shadda daga kanta.

Ta dubi 'yar'uwata ta ce, "Inna, gaskiya ne halittarku ɗaya. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da wani dogon zare, a jikinsa aka rubuta duk umarnin da jiki ke bi. Naki da na Mama iri ɗaya kuka zo da shi. Amma zaren nan ba a sake yake ba. A nannaɗe yake a jikin wasu ƙananan abubuwa da ake kira histon, kamar yadda shaddar nan take a naɗe a jikin kwalinta. Inda aka sassauta naɗin, ana karanta umarnin. Inda aka ɗaure tam, ba a karantawa."

'Yar'uwata ta ce, "To wa ke ɗaurewa?"

A shagonmu muna da wata ƙa'ida. In mai saye ya kama bandir ya ce a ajiye masa, 'yar'uwata takan ɗaura masa jan ƙyalle, ba mai sake warware shi. 'Yata ta ciro irin ƙyallen ta ce, "Akwai masu sa alama a jikin histon, kamar jan ƙyallenki. Wata alamar ta ce a buɗe, wata ta ce a rufe. Da haka ne ƙwayar halittar ido ta zama ido, ta hanta ta zama hanta, alhali kaya ɗaya ne a shagon kowacce. Abin da kowacce ta buɗe ne ya bambanta. Ku ma haka. Tare kuka fara, amma alamomin nan suna ta sauyawa tsawon rayuwa, naki daban, na Mama daban."

Ta ɗaure bandir ɗin ta ci gaba. "Ke a jikinki, wasu ƙwayoyin jini ne mai sa musu alamar rufewa ya samu matsala, ya kama ɗaure-ɗaure ba ji ba gani. Har ya ɗaure umarnin da ke cewa, ki girma, ki kama aikinki, ki daina hayayyafa. Sai suka ƙi girma, suka yi ta yawa. Likita ta ce matsalar daga baya ta same su, ba da ita aka haife ku ba. Maganin nan kuwa hannun mai ɗaurin yake riƙewa. In kin sha rabi, kin riƙe shi da yatsa biyu ke nan, zai fizge."

'Yar'uwata ta daɗe tana kallon bandir ɗin. Ta ce, "Kina nufin ita ba za ta yi ba?"

"Wannan sanin Allah ne, Inna. Amma ba dole ba ne don kin yi ita ma ta yi. Za a riƙa duba ta."

Na ga har yanzu hannunta na kan ƙunshin. Karatu ya shiga, amma tarbiyyar uwa ba ta fita da karatun yini ɗaya. Na durƙusa gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce, "Tun muna ciki kike raba komai da ni, ban taɓa cewa a'a ba. Yau na ce a'a. Ni ba rabin magani nake so ba. Ke nake so, gaba ɗayanki."

Ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Tashi, kina ɓata zanen mutane." Ta turo mini ƙunshin.

Washegari muka kai wa likita gwangwanin, da maɓallan da komai. Da 'yata ta fassara mata, likitar ta dafe kai, sannan ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta yi ta neman dalili a cikin jini, ashe yana cikin gwangwani. Ta gargaɗe mu kada a ce za a rama abin da ya wuce a sha ninki, a koma yadda aka rubuta kawai. Ni ma ta duba ni, ba ta ga komai ba, kuma har yau ina zuwa ana dubawa.

Gwajin da muke tsoro ya zo, kumburin ya ci gaba da sacewa, ba a dakatar da maganin ba. Ba a ce mana ciwon ya tafi har abada ba, an dai ce ya kwanta, mu kuma mun gode wa Allah da hakan. Yanzu da nake wannan rubutu tana can gaban shago tana ja-in-ja da wata mata daga unguwar Batterie IV a kan launin shadda.

Abin da na koya shi ne, ko waɗanda suka kwanta ciki ɗaya kowa da yadda Allah ya naɗe nasa zaren, kuma ba kowane abu ƙauna ke rabawa biyu ba. Wani abin, in kana son mutum, sai ka cinye naka duka don ka daɗe tare da shi. Har gobe in ta sayo gasasshen kifi sai ta raba daidai, kai nata, wutsiya tawa. Amma in lokacin magani ya yi, takan ɗago ƙwayoyin ta nuna mini ta ce, "Wannan kam ko kin yi kuka ba na sam miki," ta haɗiye su duka a gabana.