Sunan Ƙauyen Inna a Taswirar Waya

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron waɗanda suka san waya su ga tambayata su yi dariya. Na fara na fasa, na sake farawa. Abin da ya sa na daure shi ne idon mahaifiyata. Likita ya ce ba zai warke ba, sai dai a rage wa ciwon gudu da magani, kuma kullum ganinta raguwa yake yi.

Masara da dawa nake sayarwa a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi. Kusa da rumfata akwai wata mata 'yar kudancin jiharmu mai sayar da acca, mun daɗe muna maƙwabtaka. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, ta miƙo min wayarta ta ce, "Malam, zo ka ga garinmu." Taswira ce. Da farko kalma ɗaya ce a tsakiya, Bauchi. Ta ɗora yatsu biyu ta buɗa su, sai ga Ƙofar Wambai, ga Gubi, ga sunayen da ɗazu babu su. Ta matse yatsun don ta ja ƙasar zuwa kudu, duk suka ɓace.

Na ce, "Madam, kin goge su!"

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. "Kai da tsoro! Suna nan. Sai ka matso kusa suke fitowa."

Tun daga nan hankalina ya koma kan ƙauyen Inna. A wani ɗan ƙauye can bayan madatsar Gubi aka haife ta, aure ya kawo ta Ƙofar Wambai. 'Yan uwanta sun ƙare, mutanen sun watse, ƙafarta kuma ba ta iya jure jijjigar keke a wannan hanya. In ta ambaci ƙauyen a gaban baƙi sai su ce ba su taɓa ji ba. Takan ce har sunan ma ya bi mutanensa.

Madam ta buɗe min taswirar a tawa wayar. Na yi ta lalube kwana da kwanaki tsakanin ciniki, ina buɗa yatsu a hankali kamar mai ɓare ƙwai. Na same shi. Tsakanin wani tudu da zaren rafi, da ƙananan haruffa kamar ƙwayar gero. Na riƙo wayar a hannu har gida, ban sa ta a aljihu ba, don kada riga ta taɓa ta.

Bayan la'asar ne, Inna tana kan tabarma tana tsince wake da lalube. Na durƙusa na ce, "Inna, na ga garinku."

"Kai wannan, a ina?" Haka take kirana, don ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

Ta goge hannu a zani, ta kawo wayar dab da hancinta. "Ban ga komai ba sai kore-kore. Ƙara masa girma."

Na buɗa yatsu. Ƙasar ta ƙaru, rafin ya yi kauri, amma haruffan ba su ƙaru ko kaɗan ba. Na ƙara buɗawa, sai sunan ya ɓace gaba ɗaya. Na ja da baya, ya dawo, ɗan mitsitsi yadda yake. Na ƙara ja, ya sake tafiya. Ashe a tazara guda kawai yake yarda ya fito, kuma a nan ɗin idon Inna ba ya kai masa.

Matata ta raɗa min in nuna mata Gubi mai manyan haruffa, tunda Inna ba ta karanta boko. Na san tausayi ne ya sa ta faɗa, amma na kasa. Inna ma ta ji mu. Ta ce, "Kunnena dai lafiyarsa ƙalau. Kar ku nuna min na wasu."

Washegari Madam ta koya min ɗaukar hoton fuskar waya, ta ce hoto kam ana ƙara masa girma yadda ake so. Na yi, sunan ya cika wayar daga gefe zuwa gefe. Inna ta daɗe tana kallo.

"To, ga rubutu. Ina rafin?"

Rafin ya fita daga hoton, tudun ma haka.

"Rubutu ai ko a buhun masararka akwai shi," in ji ta. "A bakin rafin nake son ganinsa, inda muke wanki." Sai ta shiga ba mu labarin wani faffaɗan dutse da suke shanya a kai, da yayarta mai tsoron kwaɗi, har tana dariya. Daga baya ta dafa gwiwata. "Kai ka gan su tare?"

"Na gani, Inna."

"To ya isa. Daina ɓata rai."

Ta ce ya isa, amma kullum na dawo kasuwa sai ta tambaya, "Yana nan?" In buɗe in ce yana nan. Ta karɓi wayar ta kai ido, ta juya ta wajen haske, ta miƙo min. A 'yan kwanakin nan ko koren ta daina ambata.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. In akwai yadda ake sa sunan ƙaramin wuri ya fito da manyan haruffa alhali rafi da tudu suna nan a gefensa, a waya ne ko a babbar takarda, don Allah a sanar da ni, a kuma yi min bayanin dalla-dalla, don ba na saurin ganewa. A tambayi layin 'yan hatsi, rumfar da ke jikin ta mai acca. In da hali, kada a jinkirta.