Baba Othniel da Zazzaɓin Ƙarfe Uku

Ƙarfe bakwai saura, duk mai shayin da ke bakin titin Samaru ya san ƙarar tsohuwar Vespar Baba Othniel. Zai jingine ta a inuwar darbejiya, ya gaida maigadi, ya wuce wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda babbar kwamfutar kwalejinmu take, wadda duk sauran suka dogara da ita. Kafin ya cire hula sai ya duba rajistarsa. Ba ta takarda ba ce. Manhaja ce ya rubuta da hannunsa, domin kwamfutar da akwatin batir da ma'aunin zafin ɗaki kowanne da irin tsarin da yake ba da rahoto, ba mai jin yaren wani. Shi ya yi musu ƙofa ɗaya, duk minti biyar ta karɓo bayanan kowa ta jera a layi guda: zafi kaza, nauyin aiki kaza, wutar da aka ja kaza.

Mu kuwa dariya muke masa. Rhoda sakatariya ta kan ce, "Baba, ko ungozoma ba ta auna mai naƙuda haka!" Sai ya ce, "'Yata, inji ba ya ƙarya, sai dai a ƙi tambayarsa."

Kai ne muka raina wa aiki shekara da shekaru, Baba, don ba mu taɓa ganin ranarsa ba. Sai a 2005 muka gani.

Shekarar aka koma yi wa ɗalibai rajista ta kwamfuta, a daidai zafin watan Afrilu. Kullum ƙarfe uku na rana, layi ya kai bakin ƙofar shiga, sai babbar kwamfuta ta ɗauke ɗif. Ɗalibai su yi ta ihu, "Baba, netwok fa? Sai mun yi gemu a nan?" Aka ɗauko Chuks daga Sabon Gari, wanda ya sayar da injin. Ya buɗe, ya hura, ya rantse da kabarin kakansa cewa kayansa garau ne. Aka ce to mai kula da shi ne ya tsufa. Darakta, Dakta Adeola, ya sa hannu a takardar tuhuma: ranar Juma'a Baba zai tsaya gaban kwamiti. Saura shekara huɗu ya yi ritaya, in aka sallame shi fansho ya bi ruwa.

Ya ji ciwo ƙwarai, Rhoda ta ce har abincin rana ya kasa ci. Amma bai yi musu da kowa ba, ya zauna ya tambayi rajistarsa ta wata guda. Ga abin da ta ce: ƙarfe biyu da minti goma, lokacin da yake fita cin tuwo, wutar da ɗakin ke ja sai ta ragu daidai cin iyakwandishan, alhali ba a ɗauke wuta ba. Zafi ya yi ta hawa, ƙarfe uku inji ya kashe kansa don kada ya ƙone. Asabar da Lahadi lafiya lau. Haka ma wasu kwana biyar a tsakiyar wata, lafiya lau.

"Rhoda, wa ya yi tafiya daga sha ɗaya zuwa sha biyar?"

"Oga ne, taron Abuja. Me ya faru, Baba?"

"Ba komai."

Makullin ɗakin biyu ne a duniya, nasa da na Darakta. Ashe Darakta, bawan Allah, in ya cika ciki da amala, ofishinsa kuma fanka ce kawai ke kaɗa iska mai zafi, sai ya sulale ya miƙe a bencin ɗakin inji. Sanyi ya yi masa yawa, ga shi da mura, sai ya kashe iyakwandishan, ya kunna in ya farka. A zatonsa don jin daɗin Baba aka saka shi, har yana ƙorafin ƙaramin ma'aikaci ya fi shugaba gata.

Jama'a, in ku ne fa? Ga hujja a hannu, ga kwamiti jibi, ga wanda ya tuhume ka shi ne shugaban kwamitin. Wallahi da ni ne, har a allon sanarwa sai na manna ta.

Baba ya hau Vespa ya tafi kasuwar Sabon Gari, ya sayo bargo mai kauri, mai hoton damisa, a watan da ko zani mutane ba sa rufa da shi. Mai kanti ya dube shi ya ce, "Baba, lafiya dai ko?" Da Baba ya dawo sai ya buga bayanan a takarda ɗaya, ya ja layi ƙarƙashin kwana biyar ɗin, ya naɗe ta cikin bargon, ya ajiye a kan bencin ɗakin inji, ya tafi cin tuwonsa.

A ranar, inji bai ɗauke ba. Washegari ma haka.

Juma'a kwamiti ya zauna. Darakta na ta goge gumi, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malam Othniel, me ka gano?"

"Ranka ya daɗe, zafi ne. An yi maganinsa."

Aka yaga takardar tuhuma. Ɗalibai dubu uku suka gama rajista, kowa ya ce Chuks ne ya gyara, Chuks kuma bai musa ba.

Shekara huɗu ba wanda ya ji wannan daga bakinka, Baba, ko Rhoda da ta yi ta bugun cikinka. Sai makon jiya, a walimar ban kwananka, Dakta Adeola ya miƙe da kansa ya fasa ƙwan. Muka yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa idonsa ya ciko.

Kai ne mai auna abin da ba a gani, dattijo mai rufin asiri. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya sa masu tasowa su koyi tambayar inji kafin su tuhumi mutum, su kuma koyi inda ake ajiye gaskiya in an same ta. Darakta ya faɗi sauran da bakinsa, yana riƙe da hannunka: "Ni na sa hannu a kore shi. Shi kuma ya saya mini bargo."