Aljihun Tsinke

Shagon Baba Tela yana kallon ƙofar makarantar firamare, kuma rabin rigunan da ke shiga ƙofar nan daga kekensa suka fito. Mutum ne mai ji da aikinsa fiye da kima. Ka zage shi ya haƙura, amma kada ka kuskura ka ce ɗinkinsa ya karkace. Magana kuwa ba ta dame shi ba, kullum da allura a bakinsa.

Akwai wani ɗan aji uku, siriri, ana ce masa Tsinke. Kusan kowane mako sai goggonsa ta kawo rigarsa, aljihu a yage. Ran nan ta zo da ƙarin bayani: yaron ya ce shi da makaranta haihata-haihata. An yi lallashi, an yi tsawa, ya ƙi faɗin dalili.

Baba ya juya rigar, ya ga wannan ba aikin ƙusa ba ne. Ya roƙa a turo yaron makaranta, ko da na gobe kaɗai ne. Washegari da aka fito tara, Baba ya je ya jingina da katangar makarantar. Bai daɗe ba ya ga an damƙi aljihun Tsinke an fizge, yara suna dariya. Mai fizgar kuwa autansa ne, ɗan aji biyar. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Auta ya dawo ya tarar da Tsinke a kan bencin masu kawo ɗinki, babu bulala. Uban ya miƙa masa rigar da allura da zare, ya koma kan kekensa. Auta ya soki yatsa, ya yi gumi, ya yi hawaye, Tsinke yana kallo. Ɗinkin ya fito kamar sawun kaza.

Da goggo ta zo ta gani, ta ce, "Baba, ka warware ka gyara mana, don Allah."

"A bar shi haka. Ina so kullum Auta ya riƙa ganinsa."

Tsinke ya koma makaranta, kuma har rigar ta yi masa kaɗan aljihun bai sake yagewa ba. Iyaye da suka ga ɗinkin suka fara cewa idon Baba Tela ya mutu, wasu har suka sauya tela. Maganar ta zo kunnensa. Bai taɓa musawa ba.