Baba Mai Bulo Ya Shiga Kicin

Shekara talatin da biyu Babanmu yana buga bulo, kuma abin alfaharinsa guda ne: bulonsa ba ya marmashewa. Yakan ɗaga shi daidai ƙugu ya sake shi ƙasa. In ya fashe, leburan da ya kwaɓa ya shiga uku. Sati biyu na yi a wurin aikin na cika wandona da iska, kamar yadda na yi wa aji huɗu na sakandare.

Sai likita ya ce Mama na da ciwon suga. Ban da burodi, ban da shayi mai zaƙi, kuma lallai ta sa wani abu a ciki kafin ta haɗiyi ƙwayar safe, in ba haka ba jiri ya kwashe ta. Nas ta rubuto mana yadda ake gasa ots, hatsin nan na gwangwani: a kwaɓa da ƙwai da ayaba da gyaɗa, a shimfiɗa a tire, a gasa, a yayyanka.

Baba ya karanta ya ja tsaki. "Ayaba uku? Ruwa ya yi yawa. Wannan kwaɓin ba zai tsaya ba."

Mutumin da ko ruwan zafi bai taɓa dafawa ba, shi ya karɓe kicin. Ayaba ta koma ɗaya. Ya sayo sabon cokalin gini ya wanke, ya dinga danne kwaɓin yana nishi. Takarda ta ce minti ashirin da biyar a obin ɗin gashi, ya ba shi awa guda, ya yanka, ya jera a taga kwana biyu wai ya sha iska. Allah dai ya rufa asiri bai ce a yi masa ban ruwa ba.

Ya saki ɗaya a kan tebur. Ji kake ƙwas! Ko gezau. Baba ya washe baki.

Mama kuwa turamen haƙoranta saura uku. Kullum sai ta karɓa da hannu biyu, "Sannu da ƙoƙari, Malam," yana fita ta miƙo mini. Na jiƙa a shayi minti goma, ya fito yadda ya shiga. Na jefa wa karen maƙwabta, ya shinshina ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Mama, ki gaya masa mana!"

"Rufe mini baki. Mutum ya shiga kicin domina, in kunyata shi?"

Haka ta yi ta shan magani cikinta wayam. Rana ta tara tana shanya, jiri ya kwashe ta, ta zube cikin bahon wanki. Na sheƙa na kira Baba. Ya iso da siminti har gira.

"Ba ki ci abinki ba ne?"

Mama ta sunkuyar da kai. Ni kuwa bakina ba ƙofa. Na jawo ledar da nake tara su a ciki a ƙarƙashin gado, na zazzage gabansa.

"Baba, ga su nan cif. A ƙara ashirin a tayar da katanga."

Na ja baya ina jiran mari. Bai ko dube ni ba. Ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ya riƙe muƙamuƙi, ya daɗe yana kallon Mama da jiƙaƙƙen zaninta.

"Kai, ɗan zaman banza, ina takardar nan?"

Ya sake sabon kwaɓi: ayaba uku, minti ashirin da biyar, ba danna. Da ya ɗago na farko sai ya karye masa a hannu. Fuskar nan kamar an ce gininsa ya rufta.

"In wani ya tambaya, kai ka yi. Ba aikina ba ne."

Washegari ya ƙi fita, ya tsaya wa Mama a ka. Mama ta ci biyu da cokali, ta haɗiyi ƙwayarta, ta goge baki.

"Malam, gishiri ya yi kaɗan."

"Yanzu kika sami baki!" in ji Baba, ya suri hularsa ya yi waje.