Sabulun da Ya Raba 'Yan Gidan Ko

Thiam-Hok, ɗan gidan Ko, mai aski ne a layinmu a Quanzhou ta ƙasar Sin, shagonsa na jikin rumfar da nake sayar da romon gyaɗa. Hannunsa da laushi, bakinsa kuwa sai a hankali. Abu ɗaya ya riƙe a duniya: wai harshenmu na Hokkien shi ne na sarakunan da, ko kalma ɗaya ba mu ara ba. Kana kan kujera, aska a wuyanka, ina kai ina musu?

Ƙanensa Thiam-Lai ya tafi Penang ta ƙasar Malaya tun yana saurayi, ya dawo da furfura da sanda, ba shi da kowa sai yayan nan nasa. Kullum da hantsi yana shagon suna shan shayi.

Ran nan Thiam-Hok na kaɗa kumfar sabulu, ya ce wa wanda yake wa aski, "Ka ji kalmar sap-bun da muke ce wa sabulu? Asalinta suat-bun ce, zanen dusar ƙanƙara, saboda farin kumfar. Bakin mutane ne ya tauna ta."

Thiam-Lai ya yi dariya. "Haba Yaya! Sabun mutanen Malaya ke cewa. Jirgin ruwa ya kawo mana shi, shi da sunansa."

"Su suka ara a wurinmu."

"Dusar ƙanƙara a Quanzhou? Yaya, a ina ka taɓa ganinta?"

Shago ya ɗauki dariya. Thiam-Hok ya dire kwanon kumfar. "Ai kai ma jirgi ne ya kawo ka. Ɗan aro!"

Kai! Ni da ke rumfa sai da maganar ta ƙona ni. Thiam-Lai ya ɗauki sandarsa ya fita, bai sake tako shagon ba. Ba irin faɗan da ban yi wa tsohon banzan nan Thiam-Hok ba. Kullum sai ya wanke kofi biyu, amma ya tsallaka titi zuwa gidan ƙanensa ya ba da haƙuri, ina!

Da ciwo ya kwantar da Thiam-Lai, ni ya kira ya ba ni saƙo da sandarsa. Bayan an binne shi na kai wa Thiam-Hok sandar.

"Tong-kat ɗinsa ce," ya ce. Haka muke kiran sanda.

Na ce, "Ya ce ya ga gwiwarka ta fara ciwo. Ya kuma ce wannan kalmar ya bar maka, ta kakanninku ce, ba zai yi musu ba."

Thiam-Hok ya daɗe yana shafa kan sandar, har na ji tausayinsa.

"Ƙarya yake, ta Malaya ce. Sabulun ma na sani," ya ce. "Ya zo ya yi min musu mana."