Rekiya da Labulen da Na Ce na Dubai Ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 4 ga Disamba, 2008, saura kwana huɗu Babbar Sallah, ina ofis da hantsi sai Christina, maƙwabciyarmu a Kubwa, ta kira ni a waya. Ta ce, "Maman Nura, Maman Fu'ad ya rasu." Na ce wace Maman Fu'ad? Alhali Maman Fu'ad ɗaya na sani, ke ce, Rekiya. Na katse wayar, na kira lambarki. Tana shiga, ba a ɗauka. Sau huɗu ina kira, ina jin haushinki da kika bar waya a ɗaki har mutane suna yi miki mugun fata.

Abin da aka faɗa mini daga baya bai fi a faɗa a numfashi ɗaya ba. Kin gama wanki, kin shanya rabi, kika ce kanki yana sarawa, kika zauna a bakin baranda. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekararki arba'in da ɗaya, ba ki yi jinyar ko yini guda ba. Yau kwana goma sha biyu ke nan, kuma har yanzu hankalina bai karɓa ba. Na ga an ɗauke ki, na ga an dawo babu ke, amma jiya da na yi alala sai da na ware naki a kwano.

Na san ki tun shekarar da aka yi wa maigidana canjin aiki daga Kaduna, muka kama haya a gidan da ke jikin naku. Ke 'yar Okene ce, malamar firamare, mijinki Malam Lukmanu yana gyaran mota a Apo. Lokacin kuɗi sun shigo Abuja, kowa yana canza kujeru kamar ana canza riga. In ka shiga gidan abokan aiki sai labarin kujerun Italiya da labulen Dubai. Ni kuwa falona kujeru uku ne da suka sha hanya, da labule ɗaya da rana ta cinye launinsa. Ina da girman kai, ba zan ɓoye ba, don haka na daina gayyatar kowa gidana.

Ana gobe jajiberin Sallarmu ta farko a Kubwa kika shigo aron turmi. Kika tsaya a tsakar falon kina dubawa, ba kunya ba tsoron Allah, sannan kika ce da Hausarki da ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, "Maman Nura, kai kana da kaya, ido ne babu." Na so in ji haushi, ba ki ba ni dama ba. Kika sa na buɗe akwatunan lefena, na fito da atamfofin da na daina ɗaurawa. Kika zazzage sito. Faya-fayan da kakata ta saƙa mini suka hau bango. Tsohon akwatin ƙarfe ya sha leshi ya zama teburin tsakiya. Kwalaben turaren da suka ƙare suka jeru a taga da ganye a ciki. Da maigidan ya dawo sai da ya yi sallama sau biyu a ƙofar gidansa.

Kina da doka ɗaya da ba ki taɓa karyawa ba: ba kya sa almakashi a zanin mutum. Ninkewa kike yi, ki bi da allura da manyan ɗinki, yadda in Sallah ta wuce za a zare zaren, a wanke zanin, a ɗaura shi a tafi biki. Kina cewa, "Wanda ya yanka ya gama, wanda ya ninke yana da gobe." Kuma ba kya yarda a sayi komai. In mace ta ce bari ta leƙa kasuwa ta ƙaro fulawar roba, sai ki ɗauki mayafinki ki ce in ta dawo ta kira mai shagon ya jera mata.

Shekara a wurinki ba ta tafiya haka kawai. In zafi ya shigo, a naɗe darduma a shimfiɗa tabarma, a sauke labule mai kauri. In damina ta faɗi, a janye kujeru daga bangon da ke jiƙa, a juya su su fuskanci taga. Da kaka sai zangarniyar dawa ta shiga tulu a kusurwa. Shekarar da Zacharias, mijin Christina, ya rasa aikinsa, ta ce bana babu kwalliyar Kirsimeti a gidanta. Ke, Musulma mai azumin Litinin da Alhamis, kika saro busasshen reshen gwaiba, kika kafa shi a tukunyar ƙasar da mahaifiyarta ta gina a ƙauye, kika rataye shi da takardun alewa da tsofaffin katunan gaisuwa. Christina ta ce a wannan shekarar ne mutanen cocinsu suka fi daɗewa a falonta. Ba ki taɓa karɓar ko sisi a hannun ɗayanmu ba, ladanki kofin shayi ne da hira.

Yanzu zan faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ban iya ta'aziyya ba, kuma ban taɓa rubutawa ba.

A Ƙaramar Sallar da ta wuce maigidana ya gayyato ogansa da matarsa, Hajiya Ameera, daga Maitama. Kwana biyu kika yi a falona. Kika haɗa wata shuɗiyar atamfata da farin leshi, kika yi labulen da ni kaina na tsaya ina kallo. Ranar Sallah kika bar naki gidan kika zo taya ni suya. Hajiya Ameera ta zauna, ta ɗaga kai, ta ce, "Hafsah, wa ya yi miki labulen nan?" Sai na ji bakina yana cewa daga Dubai aka kawo mini, wani kamfani ne a Wuse ya zo ya ɗaura. Ina rufe baki na gan ki a ƙofar kicin da tire a hannu. Kika ƙaraso, kika ajiye, kika durƙusa kika gaishe ta, kika koma. Ban ce mata ga ƙawata ba. Na bari ta ɗauka 'yar aiki ce.

Da baƙi suka tafi kika ce, "Maman Nura, Dubai ɗin nan ya iya ɗinki." Kika yi dariya, ni ma na yi, don ba ni da abin da zan yi. Wata biyu ina ɗauke da kalma ɗaya a bakina. Kullum sai in ce gobe. Ke kuwa ba ki canza mini fuska ba, wannan ya ƙara mini nauyi. Ranar Laraba da yamma kika leƙo ta katanga kika ce in fito da zannuwa, Juma'a za ki zo mu gyara falo. Na ce a raina to Juma'a, in mun zauna muna ɗinki, zan roƙe ki gafara. Ban san ranar da na zaɓa ba ta cikin kwanakinki.

Bayan Sallah na kasa zama, na je Maitama na sami Hajiya Ameera. Na ce mata ƙarya na yi, labulen ba na Dubai ba ne, matar da ta kawo tire ce ta yi shi, kuma ta rasu. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ai na sani, Hafsah. Shuɗiyar atamfar nan ankon bikin 'yar darakta ce, tawa tana cikin akwati. Na tambaye ki ne don ki haɗa ni da mai hannun. Ina da gidaje biyu da nake so a gyara, ga ƙawayena suna nema."

Ban san yadda na iso tashar mota ba. Ashe ƙaryar ba ta rufe mini komai ba. Mutum ɗaya ta cuta, ke da kika yi kwana biyu a durƙushe kina ɗinki. Kin sha ce mini da za ki sami masu kiran ki, da kin buɗe ɗan shago in kin bar koyarwa. Damar ta zo har falona ta ƙwanƙwasa, ni na rufe mata ƙofa.

Na faɗa wa Malam Lukmanu komai. Ya saurare ni har na gama, ya ce bai taɓa jin wannan magana ba sai a bakina. Ko mijinki ba ki gaya wa ba.

To ga shi na rubuta inda kowa zai karanta. Duk wanda ya taɓa shiga gidana ya yaba, aikin Rekiya ya yaba. Haka gidan Christina, haka gidaje da yawa a layinmu. Ina roƙon matan da ta gyara wa ɗaki su ambaci sunanta, su yi mata addu'a.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Lukmanu, da Fu'ad da ƙanwarsa Umma, da mahaifiyar Rekiya a Okene, da ɗalibanta. Allah Ya ba ku haƙurin da ni na kasa samu, Ya raya abin da ta bari. Ya Allah, Ka ji ƙan Rekiya, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ta rufa wa bayinKa asiri da abin da ke cikin akwatunansu, Ka rufa mata nata ranar da asirai za su tonu. Kuma ya Allah, Ka sa ta yafe mini kafin ta tafi, don ni ban tambaye ta ba.